Sauya Lasifikokin Mota Mai Ampili na Kamfani: Hanyoyi Huɗu da Wadda Ta Dace da Kowa

Motoci da yawa da ke yawo a titunan Yamai da Tawa sun shigo ƙasar nan ne ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, bayan sun yi shekaru a hannun wani a Turai ko Amurka, saboda haka lasifikokinsu sukan iso da sauran kwana kaɗan. Da sun sha zafin Afrilu da Mayu sau biyu ko uku, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, zoben soson da ke riƙe da faifan lasifika yakan bushe ya marmashe, sai murya ta fara karkarwa kamar an liƙa leda a jikin ƙofa. Abin da mai mota ya saba yi shi ne ya shiga kasuwar Katako ko wani shagon kayan sauti, ya zaɓi kwalin da aka rubuta wa wat mafi yawa, ya kai wa mai gyaran wutar mota ya ɗaura. A motar da rediyonta ke ciyar da lasifikoki kai tsaye, hakan yakan wadatar. A motar da kamfani ya saka wa ampili na daban kuwa, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, sau da yawa mutum yakan biya kuɗi ya fito da sautin da bai kai na da ƙarfi ba, ko wanda ya dushe kamar ana magana daga cikin rijiya.

Dalili shi ne kamfani ya ƙera ampilin da lasifikokinsa a matsayin abu guda, an auna kowanne da ɗan uwansa. Ana gane irin wannan mota da tambarin da ke kan ragar lasifika: JBL a Toyota, Mark Levinson a Lexus, Bose a Nissan da Mazda, Harman Kardon a BMW da Mercedes, Infinity a wasu Hyundai da Kia. Akwai kuma waɗanda ke da ampili ba tare da wani tambari ba, don haka ya kamata a leƙa ƙarƙashin kujerun gaba, da bayan akwatin takardu, da gefen but, inda aka fi ɓoye shi.

Ma'aunan da za a duba kafin a zaɓa

Na farko, kuma mafi nauyi, shi ne om, wato yadda lasifika ke turje wa wutar da ampili ke tura mata. Lasifikokin da ake sayarwa a kasuwa galibinsu om 4 ne, amma tsarin JBL da na Bose da dama suna amfani da om 2, wani lokaci ma ƙasa da haka, domin su tatsi ƙarfi mai yawa daga batir mai volt 12. Lissafin ba shi da wuya. Idan ampili yana fitar da volt 8, lasifika mai om 2 za ta karɓi wat 32, mai om 4 kuwa wat 16 kacal za ta samu, wato rabi. Wannan ba ya lalata ampili, sai dai ya rage ƙara da kimanin desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma mai mota yakan rama ta hanyar murɗa rediyo har ƙarshe, inda sauti ke fara tsagewa yana ƙona ƙananan lasifikoki. Akasin haka ne ke da haɗari na gaske: idan aka ɗaura mai om 2 a kan ampilin da aka yi don om 4, zai ja wuta ninki biyu, ya yi zafi, ya riƙa ɗaukewa, ƙarshe ya ƙone. Ana auna tsohuwar lasifika da mitar auna om bayan an zare wayoyinta, kuma a sani mita takan nuna ƙasa da ainihin lambar: mai om 4 takan nuna uku da ɗoriya, mai om 2 kuwa takan nuna ƙasa da biyu kaɗan.

Na biyu shi ne wane kaso na sauti ampilin ke aika wa kowace waya. Nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Ampilin kamfani yakan tace sautin tun kafin ya fito, ya aika kaurin amo kaɗai zuwa ƙofa, ya aika muryar mutum da siririn sauti zuwa ƙananan lasifikokin da ke ƙarƙashin gilashin gaba. Wanda ya sayi lasifika mai tuwita a tsakiyarta, wato ƴar ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, ya ɗaura a irin wannan ƙofar ya sayi abin da ba zai taɓa ji ba, domin siririn sautin da tuwitar ke jira ba ya biyowa ta wannan wayar. Gwajin ba ya cin ko dala: a kunna labarai, a kara kunne a kowace lasifika da ke da sauran lafiya, a ji ko kalmomin mai karanta labarai suna fita sarai a wurin ko kuwa gunji ne kawai.

Na uku shi ne saurin amsawar lasifika, wato yawan ƙarar da take bayarwa gwargwadon wutar da aka ba ta, wanda ake rubutawa da desibel a gefen kwali, ba wat ɗin da aka buga da manyan baƙaƙe a gaba ba. Lasifika mai desibel 91 tana ba da ƙarar da mai 88 ba za ta bayar ba sai an ninka mata wuta. Tun da ampilin kamfani ba shi da rarar ƙarfi, wannan lambar ta fi amfani nesa ba kusa ba. Sai dai a lura da yadda aka auna ta, domin wasu kamfanoni suna aunawa da wat 1, wasu da volt 2.83, kuma a kan om 4 aunin na biyu yakan ƙara wa lambar desibel 3 ba tare da lasifikar ta fi ƴar uwarta komai ba.

Sauran ma'aunan sanannu ne: jure zafi da ƙurar hunturu da ruwan damina da ke gangarowa cikin ƙofa ta gefen gilashi, abin da motar za ta rasa in an taɓa tsarinta, kuɗin kaya da na aiki, da kuma ko akwai mai gyaran da zai iya aikin a garin da mutum yake. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin Tawa, wanda in wani ƙaramin mahaɗi ya rasa a gari sai ya jira a aiko masa daga Yamai, tafiyar da ta wuce kilomita 500, ko a nemo ta Birnin Ƙonni.

Hanya ta farko: a mayar da irin ta asali

Ana nemo lasifikar mota iri ɗaya daga masu sayar da kayan motocin da aka farfasa, a zare ta lalace a ɗaura wannan. Ta fuskar lantarki babu hanyar da ta fi ta tsabta, domin om ɗin ya dace, mahaɗin waya yana shiga da kansa, ramukan ƙusa suna daidai, kuma tacewar da ampili ke yi an yi ta ne musamman don wannan lasifikar. Aikin ba ya wuce awa guda a kowace ƙofa, kuma ba a yanka waya ko ɗaya.

Rauninta ƙarko ne. Lasifikar da aka ciro daga motar da ta yi shekarun taka, ita ma sosonta ya tsufa, kuma ba mamaki ta bi sawun ta farko kafin damina biyu. Kafin a biya, a danna faifan a hankali da yatsu a kewaye da tsakiyarsa, a ji ko yana shiga yana fita ba tare da goga ba, a haska zoben a duba tsaga. Akwai kuma tarkon da ya kamata a sani: mota iri ɗaya ta shekara ɗaya takan zo da lasifika kala biyu, ta tsarin da ba shi da ampili da ta tsarin JBL ko Bose, suna kama da juna a ido amma om ɗinsu daban. A je da tsohuwar a hannu, a gwada lambar da ke bayan maganaɗisun, a kuma auna da mita a gaban mai kaya.

Idan naɗin wayar da ke cikin lasifikar bai ƙone ba, zoben ne kaɗai ya mutu, masu gyaran rediyo da kayan sautin biki suna iya manna sabon zobe. A ganina wannan ita ce dabarar da aka fi rainawa alhali ta fi kowace araha, musamman ga babbar lasifikar kaurin amo da ke baya, wadda samun madadinta mai om daidai yake da wuya.

Hanya ta biyu: sababbin lasifikoki a kan ampilin kamfani

Wannan ce mafi yawan mutane ke nufi, kuma tana yin kyau ƙwarai idan an sayi kayan bayan an auna, ba kafin ba. Idan tsohuwar om 4 ce, kasuwa a buɗe take, kusan kowace lasifika mai girman da ya dace za ta yi. Idan om 2 ce, a nemi mai om 2 ko 3. Kamfanonin JBL da Infinity suna yin irin waɗannan don sayarwa a kasuwa, kuma mai om 3 tana rage asarar ƙarar ba tare da ta wahalar da ampili ba. In babu sai mai om 4, to a zaɓi mai desibel mafi yawa, kuma a sauya dama da hagu tare, domin in aka bar ɗaya tsohuwa sautin zai karkata gefe guda.

Inda ampilin ke raba sauti, abin da ya dace shi ne saitin da babbar lasifika da tuwita suke a rabe, ko kuma a sayi ta ƙofa daban, ta gaban gilashi daban. Ƙaramin akwatin tacewa da ke zuwa da irin wannan saitin galibi ba a buƙatarsa a nan, tun da ampili ya riga ya tace, kuma tacewa biyu a jere takan bar rami a tsakiyar murya. Amma tuwita ba a haɗa ta tsirara. Idan wayar da ke zuwa wurinta tana ɗauke da kaurin amo, dole a saka mata kondansa, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki da ke tare kaurin amo, a kan wayar tabbatacce (+), in ba haka ba za ta ƙone cikin ƴan mintoci. Kondansa mai mikrofarad 4.7 (ma'aunin girman kondansa ke nan) a kan tuwita mai om 4 tana fara tare sautin da ke ƙasa da Hz 8,500 ko kusa da haka (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), kuma idan om ya sauya wannan iyakar ma takan sauya, shi ya sa tsohuwar kondansar kamfani ba lallai ta dace da sabuwar tuwita ba.

Ta fuskar ƙarko, wannan hanyar ta fi ta farko da nisa idan an zaɓi faifan roba mai zoben roba maimakon takarda da soso. Kuɗinta matsakaici ne, sai dai kada a manta da ƙananan abubuwan da ke biyo baya: zoben da ke cike gurbi, domin lasifikokin Toyota da yawa an ƙera su haɗe da mazauninsu na roba kuma an matse su da ƙusar da sai an huda ta da na'ura, da mahaɗin waya na musamman irin wanda kamfanin Metra ke yi, wanda ke hana a yanka wayar mota. A kuma auna zurfin maganaɗisu da gilashi a sauke, domin lasifika mai santimita 16.5 tana iya shiga ramin amma ta tare wa gilashi hanya.

Abin da ba za ta gyara ba shi ne halin ampilin kansa. Kamfani ya ƙara wa wasu sassan sauti ƙarfi ya rage wasu don rufe raunin lasifikarsa ta asali, kuma sabuwar za ta gaji wannan gyaran ko tana buƙata ko ba ta buƙata. Saboda haka lasifika mai tsada sosai a kan ampilin kamfani, ni dai ina ganinta ɓarnar kuɗi ce. Matsakaiciya mai om daidai ta fi ta riba.

Hanya ta uku: a tsallake ampilin, sabuwar rediyo ta ciyar kai tsaye

Wanda ampilinsa ya mutu, ko wanda dama yana son rediyo mai allo da Bluetooth, yakan karkata nan. Ana cire ampilin daga hanya, a haɗa wayoyin sabuwar rediyo da na lasifikoki a daidai wurin da ampilin yake, ko a ja sababbin wayoyi. Sautin yana fita cikakke ba tacewa, don haka lasifika mai tuwita a tsakiya tana aiki yadda ya kamata, kuma duk mai gyaran da ya ƙware zai iya bin tsarin daga baya.

Amma a san abin da ake saya. Rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau 4, ainihin abin da take bayarwa a tsaye bai cika wuce wat 20 a kowace lasifika ba, domin iyakar abin da wutar mota ke bari ke nan a kan om 4. Babbar lasifikar kaurin amo za ta yi shiru tun da babu mai ciyar da ita. Duk wata tsohuwar lasifika mai om 2 da aka bari za ta dafa rediyon, saboda haka sai an sauya duka a lokaci guda, kowace tuwita kuma sai an ba ta kondansa. A motocin da suka fi sabunta asarar takan fi haka: maɓallan sitiyari, kyamarar baya, ƙarar gargaɗi, wani lokaci har allon na'urar sanyaya mota, duk suna iya bi ta tsohuwar rediyo ko ampili, kuma dawo da su yana buƙatar akwatin sadarwa na daban. A BMW da Mercedes da dama ma rediyo da ampili suna magana ne ta zaren haske na tsarin MOST, ba ta wayar jan ƙarfe ba, kuma cire ɗaya daga cikin na'urorin da zaren ya haɗa yana iya kashe sauran.

Hanya ta huɗu: a bar rediyon kamfani, a ƙara sabon ampili

Ita ce mafi kyawun sauti, mafi tsada, kuma mafi buƙatar gwani. Ana ɗaukar sautin daga wayoyin da ke fita daga tsohon ampili, a bi da shi ta na'urar rage ƙarfi irin ta kamfanin AudioControl, sannan a shigar da shi sabon ampili wanda zai ciyar da sababbin lasifikoki. Idan tsohon ampilin yana raba sauti, dole na'urar ta zama mai iya haɗa rababbun layukan su koma ɗaya, in ba haka ba matsalar hanya ta biyu ce za ta dawo, da ƙarin ƙara kawai. Wasu ampilolin kamfani kuma sukan yi shiru da zarar sun ji babu lasifika a bakin waya, sai an saka musu abin da zai yi kama da nauyinta. A motocin da ke da makirufon kashe ƙarar inji, kamar wasu Honda Accord, ƙarin babbar lasifika yakan haifar da wani gunji mai tashi da sauka har sai an zare wannan makirufon.

Haɗarin da ke nan ba na sauti ba ne, na gobara ne. Wayar wuta mai kauri za ta taso daga batir ta ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da ɗakin mota, don haka dole ta bi ta cikin robar kariya, kuma fis ɗinta ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. Wayoyi masu araha da yawa alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe, ba sa ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe tsantsa, suna kuma saurin karyewa a mahaɗa. A kankare bakin waya da wuƙa, in fari ya bayyana to ba ita ba ce. Ampilin da aka haɗa yadda ba ya mutuwa in an kashe mota zai iya shanye batir cikin dare. Saboda zafin ƙasarmu, ampili nau'in D ya fi dacewa, domin ba ya ɗaukar zafi kamar na da kuma yana shiga ƙarƙashin kujera. Kayan wannan hanyar sau da yawa sai an yi odarsu daga waje, kuma kowane yuro 100 kusan jika 66 ne na sefa tun kafin kuɗin ɗauko da na kwastan.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ta asali ta hannu, ko sabon zobe | Mafi araha | Gajere zuwa matsakaici | Mafi sauƙi | Sayen mai kama amma om daban |
| Sababbi a kan ampilin kamfani | Matsakaici | Mai kyau | Matsakaici | Raguwar ƙara, tuwitar da ba ta aiki |
| Tsallake ampili da sabuwar rediyo | Matsakaici zuwa sama | Ya danganta da rediyon | Da ɗan wuya | Rasa maɓallai, kyamara da kaurin amo |
| Sabon ampili a kan rediyon kamfani | Mafi tsada | Mai kyau in waya ta gari ce | Sai gwani | Gobara, shanye batir |

Abin da ba ya sauyawa a kowace hanya

A zare wayar batir ta korau (−) kafin a fara, amma a tabbata ana da lambar sirrin rediyo idan irin mai kullewa ce. Kada a taɓa haɗa wayar korau ta lasifika da jikin mota kamar yadda ake yi wa fitila, domin a ampilolin mota da yawa wayoyin biyu duka suna ɗauke da wuta, kuma taɓa ƙarfe yana iya kashe layin nan take. Kada a haɗa lasifikoki biyu a kan layi ɗaya gefe da gefe ba tare da lissafi ba, tun da biyu masu om 4 suna komawa om 2. Game da wace waya ce tabbatacciya, launi ba abin dogaro ba ne don kowane kamfani da nasa. A taɓa ƙaramin batir mai volt 1.5 a ƙafafun tsohuwar lasifika, in faifan ya turo waje to ƙafar da ke kan bakin batir ɗin mai alamar + ita ce tabbatacciya, amma ba a yi wa tuwita wannan gwajin. Idan aka juya waya a ƙofa ɗaya, lasifikokin biyu za su riƙa cin kaurin amon juna, mai mota ya zargi kayan alhali laifin haɗi ne. Haɗin kuma a yi shi da dalma ko da mahaɗin matsewa, domin wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, zafi zai narkar da gam ɗin, girgizar hanya ta ƙarasa sauran.

Wa ya dace da wace

Wanda lasifika ɗaya ce ta lalace masa, ko yana shirin sayar da motar, ko tasa Lexus ce ko Mercedes mai tsari mai sarƙaƙiya, ya tsaya a hanya ta farko, ya fara tambayar mai manna zobe kafin ya nemi ta hannu. Mai Toyota ko Nissan da zai ci gaba da hawa shekaru, wanda buƙatarsa ita ce ya ji labarai da karatu da waƙa sarai ba karkarwa, hanya ta biyu ce tasa, da sharaɗin mita ta riga kuɗi fita. Direban tasi da mai tsohuwar motar da ampilinta ya mutu, wadda ba ta da kyamara ko maɓallan da za a yi kukan rashinsu, hanya ta uku ta fi masa sauƙin gyara duk inda ta tsaya, a Tawa ne ko a Dogon Dutsi. Hanya ta huɗu kuwa ta mai son ƙara da tsabtar sauti ce a sabuwar motar da ba a son taɓa allonta, kuma kada ya miƙa makulli sai ya ga wata motar da wannan mai gyaran ya yi wa irin aikin, ya ɗaga murfin inji ya ga inda aka ajiye fis.